Burauzata na magana da intanet ban taɓa komai ba: da wa take magana, me take faɗa?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu ilimin kwamfuta ce a cikinmu. Me ya sa burauza ke tuntuɓar sabobi daban-daban da kanta tun kafin mutum ya rubuta adireshin kowane shafi, kuma me take aika musu?

Aikina fassara ne da buga takardu, kuma galibin abin da ke bi ta hannuna sirrin mutane ne: sakamakon gwajin asibiti, takardun shari'a, wasiƙun da mai su ba zai so ko ɗan'uwansa ya gani ba. Don haka ƙanena ya haɗa mini wata 'yar na'ura a jikin rauta (akwatin da ke raba intanet a gida), wadda ke rubuta sunan duk adireshin da kwamfutata ta nema. Na buɗe burauza a kan farin shafi, na janye hannuna daga madannai, ina kallo. Nan da nan sunaye suka fara sauka. Akwai mai kalmar telemetry a ciki, akwai mai push, akwai mai portal, akwai kuma mai safebrowsing wanda na lura na wani kamfani ne dabam, ba wanda ya ƙera burauzar ba. Na bar ta a buɗe na shiga sabgogina, da na dawo jerin ya ƙara tsawo.

Da gangan ban kama sunan burauzar ba, domin na gwada wata ma, ita ma haka take yi, sunayen ne kawai suka bambanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya tambaye ni. Mutane sun ba ni amanar takardunsu, ni kuma na ɗauka kayan aikina ba ya motsi sai na motsa shi. Ina so in san gaskiyar abin da ke fita, da wanda zan iya toshewa ba tare da na jawo wa kaina wata matsalar ba. Na gode.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Damuwarki a kan hanya take, kuma abin da idonki ya gani gaskiya ne. Sai dai jerin nan ya gwamutsa abubuwa biyu da bai kamata a yi musu hukunci ɗaya ba: fitar da burauza ke yi don ta ɗebo wani abu, da fitar da take yi don ta kai wani abu. Zan yi misali da Firefox domin lambar shirinta a buɗe take kowa na iya dubawa, kuma Mozilla, mai ƙera ta, ta wallafa bayanin waɗannan haɗe-haɗen ɗaya bayan ɗaya.

Mai kalmar portal shi ne mafi sauƙi. A Firefox sunansa detectportal.firefox.com. Burauzar na neman wani ɗan ƙaramin fayil da ta riga ta san abin da ke cikinsa. In amsar ta dawo daidai, ta san intanet a buɗe yake. In wani shafi dabam ya dawo, ta gane kina kan irin Wi-Fi ɗin otal ko filin jirgi da sai an cike fom kafin a wuce, sai ta nuna miki shafin shiga. Windows na yin irin wannan da msftconnecttest.com, na'urorin Apple da captive.apple.com. Ba a aika tarihin bincikenki a nan. Abin da sabar ke gani shi ne adireshin IP ɗinki, wato lambar da ake gane layinki da ita a intanet, da lokacin da kika kunna.

Na safebrowsing shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, don shi ne mutane suka fi yi wa mummunar fahimta. Na Google ne, kuma Firefox da Chrome da Safari duk suna dogara da shi wajen gane shafukan damfara da masu rarraba cutar kwamfuta. Da yawa suna ɗauka duk shafin da aka buɗe sai an aika adireshinsa ga Google. A tsarin da Firefox ke bi ba haka ba ne. Google na ɗaukar adireshin kowane mugun shafi ya niƙa shi da lissafin SHA-256, wanda ke fitar da tambari, wato jerin lambobi mai tsawon bayit 32 (bayit ma'aunin girman bayani ne a kwamfuta). Sai a yanko bayit 4 na farko kawai a tara su a jeri. Wannan jerin ne burauzarki ke saukowa da shi kusan duk rabin awa, shi ya sa kika ga sunan na maimaituwa. Idan kika buɗe shafi, a cikin kwamfutarki ake lissafa tambarinsa a gwada da jerin. In bai dace da komai ba, magana ta ƙare, ba abin da ya fita. Sai in ya dace ne burauzar ke aika waɗannan bayit 4 ɗin ta ce a turo mata cikakkun tamburan da suka fara da su, ta sake gwadawa a gida. Adireshi masu ɗimbin yawa na iya fara da bayit 4 iri ɗaya, kuma Firefox na cakuɗa wasu na bogi a cikin tambayar don ta ƙara ɓatar da sawu.

Sauran masu ɗebowa su ne na sabuntawa, wato aus5.mozilla.org, da firefox.settings.services.mozilla.com wanda ke kawo jerin manhajojin ƙari (ƙananan manhajojin da ake ɗora wa burauza) da aka gano suna cutarwa da takardun shaidar shafuka da aka soke. Akwai kuma wanda ke sauko da manhajar bidiyo ta OpenH264 daga kamfanin Cisco.

Mai kalmar telemetry kuwa kaiwa yake yi, a nan ba wani kwana-kwana. Yana aika irin kwamfutarki, girman ƙwaƙwalwarta, yawan shafukan da kike buɗewa, saurin lodinsu, manhajojin ƙarin da kika sa, haɗe da wata lamba da ke bambanta burauzarki da ta kowa. Mozilla ta ce adireshin shafuka ba ya ciki, kuma za ki iya duba abin da ake aikawa da idonki in kika rubuta about:telemetry a wurin adireshi. Ana kashe shi a saitunan sirri. Tun daga Firefox 72, a farkon 2020, in kika kashe, burauzar na aika saƙo ɗaya na ƙarshe tana neman a goge abin da aka tara a kanki.

Na push layi ne da ke zama a buɗe muddin burauzar na kunne, ta nan sanarwar shafuka ke iso miki ko kin rufe shafin. Saƙonnin a kulle suke, amma layin na da lambar da ake gane burauzarki da ita, in ba haka ba ba za a san inda za a kai saƙon ba.

Mai Bin Diddigi ya amsa:

Malam Injiniya, bayaninka daidai ne a fannin fasaha, ban ga inda zan gyara ba. Amma da girmamawa, ka amsa rabin tambayar Yaya ne. Ta ce ba wanda ya tambaye ta. Wannan shi ne zancen, kuma bayanin bayit 4 bai taɓa shi ba.

Ko haɗin da ka kira mai ɗebowa ai yana kai wani abu. Duk lokacin da burauza ta ƙwanƙwasa ƙofar wata saba, ta bar adireshin IP, da lokaci, da irin na'urar. Mutumin da ke kunna kwamfuta a gida da safe, a wurin aiki da rana, a otal in ya yi tafiya, ya zana taswirar zirga-zirgarsa a rajistar sabobin da bai san da su ba. In aka haɗa da lambar da ba ta canzawa, to ba sai an san sunansa ba, an san shi. Na yarda kamfanoni na cewa suna gogewa ko ba sa haɗawa. Amma wannan alkawari ne, ni kuma daga nan inda nake zaune ba ni da hanyar tabbatar da abin da ke faruwa a cikin sabar wani.

Ba ni na fara wannan ƙorafin ba. A watan Fabrairun 2020 Farfesa Douglas Leith na Trinity College da ke Dublin ya fitar da bincike a kan burauza shida, ya kalli abin da kowacce ke aikawa gida tun daga buɗewar farko. Ya kasa su uku. Brave ta zo a mafi kame baki. Chrome da Firefox da Safari a tsakiya, suna aika lambobin da ke bin burauzar ko an rufe an sake buɗewa. Edge da Yandex a ƙarshe, domin lambar da suke aikawa a jikin na'urar kanta take, wato ko an cire burauzar an sake girkawa ba ta canzawa. Wannan hoton 2020 ne, an yi sauye-sauye tun daga nan, amma ya nuna zaɓi ne masu ƙerawa ke yi, ba tilas ba ce ta fasaha.

Kuma ƙofar da ake shigo da gyara ita ce dai ƙofar da ake shigo da abin da ba a nema ba. A Disambar 2017 masu amfani da Firefox suka wayi gari da wata manhajar ƙari mai suna Looking Glass a cikin burauzarsu, wadda ba su suka sa ba. Ta hanyar tsarin gwaje-gwajen Mozilla aka turo ta, kuma talla ce ta wani shirin talabijin na Amurka. Ba ta yin komai sai an kunna ta, Mozilla ma ta ba da haƙuri, amma mutane sun ga cewa ana iya sa musu abu daga nesa. A Yulin 2024 kuma Firefox 128 ta zo da wani tsarin auna tasirin talla a kunne, ba tare da an nemi yardar kowa ba, har ƙungiyar kare sirri ta noyb ta kai ƙara gaban hukumar kare bayanai ta Ostiriya a watan Satumba. Ina kawo misalan Mozilla ne ba don ta fi kowa laifi ba. Don ita ce ke tallata kanta da kare sirri, in ita ta yi haka, me ake tsammani daga waɗanda talla ce abincinsu?

Wani lokacin ma cutarwar ba ta sirri ba ce. Ranar 13 ga Janairun 2022 Firefox ta daskare wa mutane a faɗin duniya kusan awa biyu, ba shafin da ke buɗewa. Dalili shi ne an canza wani saiti a sabar da ke karɓar telemetry, ya tono wani kuskure a cikin burauzar, layin sadarwarta gaba ɗaya ya maƙale. Waɗanda suka kashe telemetry suka ga burauzarsu ta dawo aiki. Ita ma Chrome ta daɗe tana ƙirƙirar sunaye uku na bogi duk lokacin da aka kunna ta, tana tambayar DNS, wato tsarin da ke mai da sunan shafi zuwa adireshin IP, a kansu don ta gane ko kamfanin intanet na karkatar da amsa. A 2020 wani injiniyan kamfanin Verisign ya nuna waɗannan tambayoyin sun kai kusan rabin nauyin da ke kan manyan sabobin tushe na DNS, sannan aka rage su.

Abin da nake so mai sauƙi ne. A buɗewar farko burauza ta yi shiru, ta nuna wa mutum jerin, ta ce ga na tsaro, ga na amfaninmu, zaɓi. Mai gida bai kamata sai ya dasa na'ura a rauta ba kafin ya san ɗan aikensa na fita.

Uwar Biyu ta amsa:

Allah ya saka muku da alheri ku duka. Malam Injiniya, hankalina ya ɗan kwanta game da safebrowsing. Ƙanina Mai Bin Diddigi, ka faɗi abin da ke raina wanda na kasa tsarawa.

Amma bari in matso da tambayar kusa da aikina. In ina fassara takardar asibiti, dole in nemi ma'anar sunan cuta, in buɗe shafukan da ke bayanin magani. Wanda ya ga jerin abin da na nema a wuni ɗaya zai iya gane ciwon wanda ya kawo mini aiki. To a cikin duk haɗe-haɗen nan, wanne ne ke iya fitar da abin da na rubuta ko sunan shafin da na shiga? Shi nake so in fara rufewa.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Yauwa Malama, wannan ita ce tambayar da ta fi amfani, kuma amsarta ba ta cikin sunayen da suka fi ba ki tsoro a jerin farko. Masu fitar da abin da kike yi ba sa motsi a kan farin shafi, sai kin fara aiki, shi ya sa suke ɓacewa a cikin cunkoso.

Na farko kuma mafi girma shi ne shawarwarin bincike. Da kin fara rubutu a wurin adireshi, harafi bayan harafi yake tafiya ga injin bincike don ya cika miki sauran. Ko kin fasa kin goge, abin da kika rubuta ya riga ya isa. In kika kwafo jimla daga takardar wani kika liƙa a wurin, tana iya tafiya kafin ki taɓa maɓallin shiga. Binciken Leith da ɗan'uwanmu ya ambata ya nuna wannan a matsayin babbar hanyar da bayanin shafuka ke fita. Ga mai irin aikinki, wannan za ki fara kashewa, a sashen bincike na saituna yake, kuma ba abin da za ki rasa sai ɗan sauri.

Sai lodi tun kafin a nema. Burauza na duba mahaɗan da ke cikin shafin da kike karantawa ta nemi adireshinsu tun ba ki latsa ba, wani lokaci ma ta fara buɗe layi da kin ɗora kibiyar linzami a kan mahaɗi. Sakamakon shi ne rajistar kamfanin intanet ɗinki na iya nuna sunan shafin da ba ki taɓa shiga ba. A Firefox ki rubuta about:config a wurin adireshi, ki mai da network.prefetch-next zuwa false, network.dns.disablePrefetch zuwa true, network.http.speculative-parallel-limit zuwa 0. A Chrome akwai makamancinsa a saituna, na lodin shafuka tun kafin a nema.

Rahoton faɗuwar burauza ma ki kula da shi. In ta faɗi ta tambaye ki ko ta aika rahoto, ki sani rahoton na ɗauke da gutsattsarin abin da ke cikin ƙwaƙwalwa a lokacin, har da adireshin shafin in kin bari. Ranar da takardar wani ke buɗe, ki ce a'a. Haka nan in kika sauko da fayil irin na girka manhaja wanda ba a san shi ba, Firefox na aika sunansa da girmansa da inda ya fito ga Google don a duba. Wannan ya fi bayit 4 ɗin can faɗin magana, kuma yana da makunninsa dabam, browser.safebrowsing.downloads.remote.enabled.

Akwai wani tsoho da ake kira OCSP. Duk shafin da ke da alamar kwaɗon kulle kusa da adireshinsa yana da takardar shaida, burauza kuma kan tambayi wanda ya ba da takardar ko har yanzu tana aiki. Tambayar kanta ta gaya masa wane shafi kika shiga. Wannan yana kan hanyar ƙarewa: Let's Encrypt, ɗaya daga cikin masu ba da takardun, ta rufe nata a 2025 ta kuma ambaci sirrin mutane a cikin dalilanta, Firefox kuma ta koma sauko da jerin takardun da aka soke gaba ɗaya, ta duba a gida. Kin ga a nan haɗin bayan fage ne ya maye gurbin wanda ke tona asiri. In kika toshe sabar da ke kawo jerin, kin cuci kanki.

A nan ne zan tsaya tsayin daka da ɗan'uwa Mai Bin Diddigi. Na yarda da shi a kan telemetry, da gwaje-gwaje, da duk abin da ya shafi talla: a kashe ya kamata su zo. Amma ban yarda burauza ta yi shiru a kan sabuntawa har sai an ba ta izini ba. Mafi yawan mutane ba za su taɓa kunnawa ba, ramukan tsaro kuma ana kai hari ta cikinsu cikin kwanaki da bayyanarsu. Burauzar da ta yi wata shida ba sabuntawa ta fi haɗari ga takardun Malama fiye da duk jerin nan a haɗe, domin wanda ya shigo ta rami ba IP zai ɗauka ba, fayilolin zai kwashe. Ƙofar gwaje-gwajen ma ta taɓa yin rana: a farkon Mayun 2019 wata takardar shaidar Mozilla ta ƙare wa'adi, kusan duk manhajojin ƙari suka mutu a dare ɗaya har da masu toshe talla da na kare sirri, kuma ta wannan ƙofar aka fara tura gyaran. Mutanen da suka rufe ta sai da suka buɗe ko suka jira sabon siga. Daga baya Mozilla ta goge bayanan da ta tara a waɗannan kwanakin, don ta san an kunna ne bisa larura.

Mai Bin Diddigi ya amsa:

A kan sabuntawa na ba ka gaskiya, Malam, ni ma ban kashe nawa ba. Amma labarin 2019 ɗin hujjata ce ni ma: gyaran tsaro bai kamata a ɗaure shi da yarda da gwaje-gwaje ba tun farko.

Yaya, in ba ki son bin saituna ɗaya-ɗaya, akwai waɗanda suka riga suka yi aikin. LibreWolf Firefox ce da aka cire wa telemetry. Mullvad Browser, wadda aka fitar a 2023 tare da masu burauzar ɓoye sawu ta Tor, ita ma haka. Ki lura dai LibreWolf ba ta zuwa da mai sabunta kanta a ciki, sai kin haɗa shi ko kin bi ta ma'ajiyar manhajojin tsarinki. In kin san za ki manta, gara ki zauna a inda kike ki kashe abubuwan da Malam ya lissafa. Ki ware wani furofayil dabam na aikin fassara kawai, wanda ba ki shiga asusun imel ko na sada zumunta a cikinsa.

Mai Haɗa Layi ta amsa:

Yaya Uwar Biyu, abu ɗaya zan ƙara game da na'urar da ƙanenki ya haɗa, don kada ta yaudare ki. Sunaye kawai take gani, ba ta ganin abin da ke cikin saƙon, kuma ba ta bambanta burauza da sauran manhajojin kwamfutar. Wasu sunayen da ke jerinki na iya zama na tsarin kwamfutar ne. Ki buɗe about:networking a Firefox ki gwada da jerin rautar, za ki ware nata.

Sannan in burauzarki ta kunna DNS ta HTTPS, wato aika tambayoyin sunaye a kulle, wanda Firefox ta fara kunna wa mutanen Amurka kai tsaye a Fabrairun 2020 ta hannun kamfanin Cloudflare, tambayoyin sunaye za su daina bi ta na'urarki, su wuce a kulle zuwa wancan kamfanin. Jerinki zai yi gajere ba don burauzar ta daina fita ba. Wannan na ɓoye tambayoyin daga kamfanin intanet ɗinki, amma ya miƙa su ga wani, kuma ya rufe miki ido ke ma. Ki duba sashen DNS a saitunan sirri kafin ki sake gwajin. In a kunne yake, ki kashe shi na lokacin gwajin, ko ki ce wa ƙanenki ya saita na'urar ita ce za ta riƙa tura tambayoyin a kulle zuwa waje, ke kuma ki ci gaba da ganin jerin a gida.